Safiyar sanyi mai rana ita ce tashin hankalin ganye

Jama'a akwai wata magana da nake yawan ji, wai idan sanyi ya sauka tsirrai barci suke yi su jira zafi ya dawo. Ni dai ban yarda ba sam. Abin da ke faruwa a cikin ganye lokacin sanyi kokawa ce sosai, kuma abokin kokawar hasken rana ne.

Haɗa abincin da ganye ke yi, wato fotosintesis, kashi biyu ne. Na farko kulorofil, koren sinadarin nan, shi ke cafke haske, kuma shi babu ruwansa da sanyi, ko digiri 2 ake ko 30 haka zai yi ta kwasa. Na biyu kuwa inda ake ɗaukar iskar kabon a mayar da ita sukari, aikin enzayim ne, wato sinadaran da ke hanzarta aiki a cikin ganye, irin su Rubisko, su kuma da sanyi ya kama sai jikinsu ya mutu aiki ya ragu. To ka ga matsala, wuta na shigowa da ƙarfinta amma injin da zai ci wutar ya koma tafiyar hawainiya, ai wayoyi ne za su fara ƙonewa. Rarar ƙarfin nan sai ta faɗa kan oksijin ta haifar da sinadarai masu cin ganye daga ciki, wani furotin da ake kira D1 a tsakiyar wurin kama hasken ya yi ta lalacewa, ga gyaran nasa ma ba ya sauri saboda sanyin. Shi ya sa a kwana da sanyi rana ta fito tarwai da safe ya fi wa shuka illa a kan yinin sanyi mai gajimare.

Yadda tsirrai suka ɓullo wa abin ne ya fi burge ni, domin ba hanya ɗaya suka bi ba. Alkamar hunturu da ɗan uwanta hatsin rai, waɗanda ake shukawa a Turai da Kanada kafin ƙanƙara ta sauka, su ƙara himma suke yi. Sabon ganyen da ya fito cikin sanyi za ka same shi da kauri, an cusa masa enzayim da yawa, tunda kowane ɗaya ya rage sauri sai a ƙara yawansu, sukarin da aka samu kuma a tara shi a jiki ya kare ƙwayoyin ganye daga ɓarnar ƙanƙara. Hatsin rai da bai saba da sanyi ba digiri 5 ƙasa da sifiri kan kashe shi, amma wanda ya yi makonni yana shan sanyi a hankali yana iya jure kusan 30 ƙasa da sifiri, shuka ɗaya fa! Wannan tara sukarin ne ma ya sa karas da sanyi ya buga a cikin ƙasa ya fi zaƙi.

Su kuwa bishiyoyin fain na dazukan Saiberiya da Kanada rufe harka suke yi kusan gaba ɗaya, ganyen na nan a jiki amma sun tara wani sinadari mai ruwan ɗorawa, ziyazantin, da ke mayar da hasken ya zama zafi ya fice ba tare da ya yi ɓarna ba, har koren nasu ya ɗan dushe. Wasu kuma jan launi suke shafawa, antosayanin, ya yi wa ganyen inuwa.

Akwai kuma batun kitse. Siririyar fatar da ke cikin ƙwayoyin ganye da ake aikin kama haske a kanta da kitse aka gina ta, kitse kuwa daskarewa yake a sanyi, to masu jure sanyi canza irin kitsen suke yi zuwa wanda ba ya saurin sandarewa. Masara, shinkafa, tumatir da ayaba ba su ƙware a wannan ba, shi ya sa wajen digiri 10 ma ya isa ya jigata su alhali ko ɗigon ƙanƙara babu.

Inda nake da ja shi ne da masu cewa ai abu ne mai sauƙi, a ɗauko ƙwayar gadon jure sanyi a dasa wa masara a huta. An gwada irin wannan fa. A shekarun 1990 Michael Thomashow da abokan aikinsa a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka sun gano ƙwayoyin gadon CBF a wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, waɗanda ke kunna shirin jure sanyi. Da aka bar su a kunne kullum shukar ta jure daskarewa kam, amma a gwaje-gwaje da dama sai ta fito wada, ga jinkirin fure, saboda abin da za ta girma da shi ta kashe wajen shirin sanyin da bai zo ba. Manomi kuwa hatsi yake so a buhu. Sai da masu bincike a Japan suka haɗa ƙwayar da makunnin da ba ya tashi sai shukar ta shiga matsi sannan tsumburewar ta ragu, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake, koya wa shuka lokacin kunnawa da lokacin kashewa.