Kafin a Tambayi "Ina Uwarsa Take?"

Duk sa'ad da aka ji yaro ya haɗiye wani abu, ko ya faɗa bokitin ruwa, ko durowa ta rufto masa, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce: "Ina uwarsa take?" Sau da yawa uwar tana nan, ɗaki ɗaya ma suke, ta juya ne ta amsa waya ko ta ɗauki ɗayan yaron da ke kuka. Babu mahaluƙin da zai iya kafa wa yaro mai rarrafe ido tun safe har dare. A ganina, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: me ya kawo abin nan inda hannun yaro zai kai, kuma wa ya ƙera shi a haka?

Mu duba ƙaramin batirin nan mai kama da maɓallin riga, wanda ake samu a rimot, da makullin mota, da ma'aunin zafin jiki, da kayan wasa masu kiɗa da walƙiya. Wanda faɗinsa ya kai milimita 20 yakan maƙale a bututun abincin ƙaramin yaro. Da zarar yawu ya jiƙa shi, lantarki ya fara gudana, sai ya haifar da sinadari mai cin nama, kuma cikin awa 2 kacal zai iya yin mummunar ƙuna. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne alamunsa ba sa nuna girman haɗarin: tari, dalalar yawu, ƙin cin abinci, ɗan amai. Uwa za ta ɗauka mura ce. Ko batirin da ya daina aiki a rimot yana da sauran ƙarfin da zai yi wannan ɓarna. Duk wanda ya yi zargin yaro ya haɗiye shi, ya garzaya asibiti nan take, kada ya tsaya ƙoƙarin sa shi amai, kuma ya faɗa wa likita ƙarara cewa batiri yake zargi, don a ɗauki hoto da wuri.

A 2022 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera kaya su rufe mazaunin irin wannan batiri ta yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ƙusa ɗaya mai murɗi a murfin batiri ta fi wa'azi dubu amfani, domin ita ba ta gajiya, ba ta kuma mantuwa. An riga an ga haka tun 1970, lokacin da Amurka ta wajabta murfin kwalbar magani mai wuyar buɗewa ga yara, mutuwar yara ta dalilin shan magani ta ragu ƙwarai.

Wani lokaci ma iyaye sun bi umarnin kamfani ne sau da ƙafa. Kamfanin Fisher-Price ya shekara kusan 10 yana sayar da wani gadon jarirai mai kishingiɗe, Rock 'n Play, kafin a janye guda miliyan 4.7 daga kasuwa a Afrilun 2019, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba. Idan aka kishingiɗar da shi, kansa kan sunkuyo gaba ya toshe hanyar numfashi, ko ya mirgina fuskarsa ta nutse a cikin laushin shimfiɗar. Ya zuwa Janairun 2023 adadin ya kai kusan 100, kuma aƙalla 8 daga ciki sun faru ne bayan sanarwar janyewar. A nan uwar wa za a zarga? Abin da likitocin yara suka tsaya a kai ba shi da wahala: a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙarfi kuma a miƙe, babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana.

Waɗancan jarirai 8 su suka nuna inda gizo ke saƙar. Sanarwar janye kaya tana fita a ƙasa ɗaya, kayan kuwa suna ci gaba da yawo: an ba ƙanwa kyauta, an sayar a gwanjo, an sa a intanet, an tsallaka da su wata ƙasa. Haka durowoyi miliyan 29 da kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye a Amurka a 2016 saboda suna rufto wa yara. Haka keken koyon tafiya, wanda Kanada ta haramta tun 2004, amma har yanzu ana saye da murna a wurare da dama.

Za a ce ai duk da haka nauyi na kan iyaye. Na yarda, amma nauyin ya fi yawa a kan shirya gida tun kafin yaro ya fara rarrafe. Uba ya durƙusa da gwiwoyinsa a tsakar ɗaki, ya kalli gidan daga tsayin ɗansa. Zai ga igiyar labule tana lilo, da wayar dutsen guga, da jakar baƙuwa a ƙasa da ƙwayoyin magani a ciki, da sinadarin wanki da aka juye a kwalbar abin sha. Zai ga bokiti da ɗan ruwa a gindinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, da ka yake faɗawa, ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin ihunsa. A zubar da ruwan a kife bokitin, a ɗaure durowa da bango.

Sauran aikin na hukumomi ne. Duk ƙasar da ke shigo da kayan yara ya kamata ta riƙa bin sanarwar janye kaya ta sauran ƙasashe, ta yaɗa ta a rediyo da harsunan da iyaye ke ji, tare da hoton kayan a shafukan sada zumunta. Shafukan saye da sayarwa kuma a ɗora musu alhakin cire duk abin da aka janye kafin wani uba ya biya kuɗinsa.