Ɗan ajin ƙarshe a fannin shari'a, ba jarrabawa kaɗai ke jiranka ba

Ɗalibin shari'a in ya kai ajin ƙarshe, hankalinsa kan tafi ga furojet da sakamakon da zai fita da shi. In ya ɗan hango gaba, jarrabawar zama lauya yake hangowa, ya fara tambayar wane littafi zai saya, wane darasi ne ke kayar da mutane. Ban raina wannan ba. Sai dai wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya yi karatun, ya ci jarrabawar, sannan wata takarda ko wani abu da ya ɓoye a tarihinsa ya tsayar da shi, abokan karatunsa suna sanye da baƙar riga shi yana zaryar ofis-ofis. Ƙannena, saboda wannan nake rubutun nan.

Digiri dai ba ya ba ka izinin tsayawa gaban alƙali. A Najeriya, bayan jami'a sai Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda dokar 1962 ta kafa, ta fara aiki a Legas a 1963, yanzu hedkwatarta na Bwari a Abuja, da rassa irin su Bagauda a Kano da Yola da Enugu da Yenagoa. Can za ka yi darussa biyar: tafiyar da shari'ar laifuka, tafiyar da ƙararrakin da ba na laifi ba, aikin kamfanoni, aikin filaye da kadarori, da ɗa'ar aikin lauya. Za a tura ka kotu da ofishin lauyoyi ka ga aiki da idonka. Ko ka ci duka, makarantar ba ita ke mai da kai lauya ba. Majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers ce ke kiranka, bayan ta gamsu da halinka, sannan a rubuta sunanka a rajistar Kotun Ƙoli. A Ingila mai son zama barista, wato lauyan da ke tsayawa gaban kotu, sai ya shiga ɗaya daga tsofaffin ƙungiyoyi huɗu na Landan, ya kuma yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin wani gogagge. A Amurka kowace jiha da nata sharuɗɗan, jarrabawar kuma a watan Fabrairu da Yuli ake yin ta. Hanyoyin sun bambanta, amma duk inda ka je akwai wani mataki da ake ajiye takardar jarrabawarka gefe a tambayi ko kai wane ne.

Wannan matakin ne ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gani suke fom ne kawai, a cike a sa hannu. A Amurka fom ɗin nan yakan tambayi duk inda ka zauna shekaru da dama baya, duk inda ka yi aiki da dalilin barinka, bashin da ka kasa biya, ko an taɓa kama ka, ko makaranta ta taɓa hukunta ka kan satar amsa ko kwafar rubutun wani. Sukan kuma ɗauko abin da ka rubuta lokacin neman shiga makarantar shari'a su ajiye kusa da wanda ka rubuta yau. In can ka ce a'a, nan ka ce e, sai ka yi bayani.

Labarin Stephen Glass ya kamata kowane ɗalibin shari'a ya sani. Ɗan jarida ne a mujallar The New Republic, aka gano a 1998 cewa labarai da dama da ya buga ƙirƙirarsu ya yi. Ya karanta shari'a a Jami'ar Georgetown, ya ci jarrabawar lauyoyi a New York, ya sake ci a Kalifoniya, ya yi shekaru yana aiki a wani ofishin lauyoyi, mutane masu daraja suka tsaya masa shaida cewa ya canza. A watan Janairun 2014 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ƙi ba shi izinin aiki. Cikin abin da kotun ta riƙe har da cewa lokacin da ya nemi izini a New York bai fito da gaskiyar abin da ya aikata gaba ɗaya ba. Wato tsohon laifin yana nan, ya kuma ɗora masa sabo a kan fom ɗin da ake auna gaskiyarsa da shi.

Shi ya sa nake cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi. In an taɓa dakatar da kai a aji biyu, ko kwamitin ladabtarwa ya taɓa zama a kanka, ko wata rigimar ƙuruciya ta kai ka hannun 'yan sanda, kuma fom ya tambaya, to ka faɗa, ka kawo takardar da ke nuna yadda maganar ta ƙare. Masu dubawar nan alƙalai ne da tsofaffin lauyoyi, sun san ɗan shekara goma sha tara yana kuskure ya gyara. Abin da yake musu wuyar yafewa shi ne ƙaryar da aka yi musu yau, a rubuce, da sa hannu. Kuma ni ina ganin suna da gaskiya. Gobe kai ne za a ba ajiyar kuɗin gadon marayu, kai ne za ka ce wa alƙali “ya mai shari'a, wannan takarda sahihiya ce” ya karɓa saboda daga bakinka ta fito.

Na san akwai masu cewa wannan binciken yana cutar da talaka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Wanda ya yi karatu da bashi ya kasa biya a kan lokaci zai sha tambayoyin da ɗan mai hali ba zai taɓa ji ba. Wannan abu ne da ya kamata hukumomin su riƙa sa wa ido. Amma kai ɗalibi ba ka da lokacin jiran a gyara tsari. In akwai bashi a kanka, je ka sami mai bashin ku tsara yadda za ka biya, ka ajiye shaida a rubuce.

Sai maganar takardu, wadda ba ta da daɗin ji. Ka ɗauko duk takardunka yau ka shimfiɗa su a kan tebur: takardar haihuwa, satifiket na sakandare, takardar shiga jami'a, katin shaida. Ka bi su harafi-harafi. A wata sunan mahaifinka ne a ƙarshe, a wata na kakanka. A wata an rubuta sunanka da “u”, a wata da “o”. Ranar haihuwa a nan 12 ga wata, a can 21, saboda wani magatakarda ya juya lambobin shekara goma da suka wuce ba wanda ya kula. Yau gyaran wannan rantsuwa ce a kotu da 'yan kwanaki na bin layi. In ka bari sai an buɗe shafin rajista saura mako guda a rufe, zai iya cinye maka shekara. Haka sakamakonka na jami'a: ka tabbata babu kwas ɗin aji ɗaya ko aji biyu da makinsa ya ɓace, domin ana gano irin wannan ne a ranar da sashe ke haɗa sunayen da zai tura gaba. A Najeriya ma kowace tsangayar shari'a tana da adadin ɗaliban da aka yarda ta tura makarantar horaswa, don haka wanda sunansa bai shiga ba saboda gyaran takarda, jiran wani zagayen ne ya kama shi.

Akwai kuma masu tsaya maka shaida. Na ga yadda ɗalibi ke shiga ofishin babban lauya da fom a hannu, ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, sa hannu nake nema.” Dattijon ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, “Yaro, a ina na san ka?” Ba wulaƙanci ba ne. Sa hannun nan yana nufin na san wannan mutumin, na yarda a ba shi amana, kuma mai mutunci ba ya rubuta haka a kan baƙo. Ajin ƙarshe shi ne damarka ta ƙarshe a san ka. Malamin da ke duba furojet ɗinka, lauyan da ka yi hutu kana ɗaukar masa fayil zuwa kotu, su ne za su iya faɗin wani abu na gaske a kanka, in ka bari sun ga aikinka da cika alkawarinka.

Darasin ɗa'ar aiki kuma kada ka bar shi sai daren jarrabawa don kana ganin sauƙi gare shi. Amurkawa jarrabawa ta daban suka ware masa, tambaya 60 cikin awa biyu, sau uku a shekara, kuma ɗalibai da yawa kan rubuta ta tun suna makaranta don su rage kaya. Dokokinsa ba hankali kawai ke kai mutum gare su ba: yaushe za ka ƙi karɓar shari'a saboda ka taɓa yi wa ɗaya ɓangaren aiki, me ya sa kuɗin wanda kake karewa ba ya shiga asusunka ko na kwana ɗaya, ina iyakar sirrin da aka ba ka.

Sharuɗɗa da ranakun rufe rajista suna canzawa. Ingila ta kawo sabuwar jarrabawar SQE a 2021 ga masu son zama lauyan ofis, waɗanda suka dogara da bayanin yayyensu suka tarar da wani tsarin daban. Ka buɗe shafin hukumar da za ta ba ka izini ka karanta sharuɗɗan bana da kanka, ka rubuta ranakun a inda kake gani kullum, ka fara da takardar da ta fi ɗaukar lokaci kafin ta fito.