Ofiyod Ba Tiramol Kaɗai Ba Ne

A Sakkwato, da an ce "ofiyod", tiramol da kodin ne ke faɗo wa mutane a rai. Alhali jikinmu na haɗa nasa ofiyod ɗin, wato sinadarai masu rage zafin ciwo: endofin, dainofin da enkefalin. Wannan na ƙarshe amino asid (tubalan gina furotin) 5 ne kacal, an gano shi a Abadin ta Sikotlan a 1975.

Aikinsu bai tsaya ga rage zafi ba. Kowane wata sinadarin istirojin yana sa ƙwayoyin halittar shimfiɗar mahaifa su hayayyafa, ta yi kauri. A gwajin ɓeraye, enkefalin yana taka wa wannan hayayyafa burki. Idan aka ba da nalokson, maganin da ke toshe inda ofiyod ke sauka ya yi aiki a jiki, burkin ya saki.

Amma ɓera ba ɗan Adam ba ne, kuma wannan ba ya nufin tiramol na narkar da ƙarin mahaifa. Shan sa na dogon lokaci yana danne saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙwan mace, al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Mai zubar jini da yawa ko kumburin mara, ta je a yi mata hoton ciki a asibitin koyarwa na Danfodiyo.