Ƙwallon kwando a Amurka: a daina cin tarar yaran da suka biyo ta ƙaramar kwaleji

Lokacin da Dalton Knecht ya gama sakandare a jihar Kolorado, babu wata babbar jami'a da ta miƙa masa gurbin buga ƙwallon kwando. Dole ta sa ya tafi Northeastern Junior College da ke ƙaramin garin Sterling, kwalejin da ake karatun shekara biyu kacal. A can ya ƙara tsawo, hannunsa ya faɗa wajen jefa ƙwallo. Daga nan ya wuce Jami'ar Northern Colorado, sannan Tennessee, inda aka zaɓe shi gwarzon SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a 2024. A shekarar ce ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a lamba ta 17 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka.

Irin waɗannan makarantu Amurkawa ke kira JUCO, kuma da yawa suna faɗin sunan ne da ɗan raini, kamar matattarar waɗanda aka ƙi. Ni ban ga abin raini ba. Su wa ke zuwa can? Yaron da makinsa na sakandare bai kai ba, wanda jikinsa bai gama girma yana ɗan shekara 18 ba, ɗan talakan da iyayensa ba su da kuɗin kai shi gasannin bazara inda masu farautar 'yan wasa ke taruwa, da baƙon da ya zo daga wata ƙasa da takardun da ba a gama tantancewa ba. Jimmy Butler ya yi shekara guda a ƙaramar kwalejin Tyler da ke Teksas kafin Jami'ar Marquette ta ɗauke shi a 2008. Larry Johnson daga ƙaramar kwalejin Odessa ya tafi Jami'ar Nevada da ke Las Vegas (UNLV), ya ci kofin jami'o'i na ƙasa a 1990. Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kuma ya buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, shi ma ta wata kwalejin shekara biyu a jihar Yuta ya fara, tun kafin ya zama kocin da ya kai Boston Celtics wasan ƙarshe na NBA a 2022.

Duk watan Maris ƙungiyoyi 24 ke haɗuwa a garin Hutchinson na jihar Kansas, inda ake buga gasar ƙasa ta NJCAA, hukumar wasannin ƙananan kwalejoji, tun 1949. Wasa ɗaya aka ci ka, ka tattara kayanka. A kan benci masu horarwa na jami'o'i ne zaune, kowa da rigar makarantarsa da ɗan littafin rubutu a hannu, kuma yaron da ke cikin fili ya san cewa minti arba'in ɗin nan na iya zama abin da zai raba shi da komawa gida hannu rabbana.

Amma iya wasa kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Wanda bai cika sharuɗɗan NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, daga sakandare ba sai ya kammala kwalejin ya karɓi shaidarta, da matsakaicin makin da hukumar ta gindaya, kafin ya buga wa jami'a a rukuni na ɗaya, wato mafi girma. Wannan sharaɗi ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Mafi yawan yaran nan ba za su taɓa taka filin NBA ba, digirin ne zai rage musu.

Inda nake ja da NCAA shi ne lissafin shekaru. Dokarta ta daɗe tana bai wa ɗan wasa kakar wasa huɗu cikin shekara biyar, kuma ana fara ƙirga masa ne daga ranar da ya zama cikakken ɗalibi a kowace kwaleji, har da wadda ba ta ƙarƙashin NCAA. Ke nan wanda ya yi shekara biyu a JUCO saura masa biyu. Ɗan mai hali kuwa, wanda aka biya masa kuɗin makarantar share fage ta shekara guda bayan sakandare, zai shiga jami'a da kakarsa huɗu cif. Dukansu jinkiri suka yi don su shirya, amma talakan ne kaɗai aka yanke wa.

A da ana iya cewa asarar ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu fa? Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, don haka kowace kaka da aka rage masa abincinsa aka taɓa. A shekarar ce kuma aka sassauta dokar sauya makaranta ba tare da zaman jiran shekara guda ba. Kocin da a da yake zuwa Hutchinson neman gogaggen ɗan wasa, yau zai iya ɗauko wanda ya riga ya buga a wata jami'ar. Kasuwar ɗan JUCO ta ragu, ga shi kuma ya zo da rabin wa'adi.

Diego Pavia, ɗan ƙwallon ƙafar Amurka na Jami'ar Vanderbilt a lokacin, wanda ya biyo ta irin wannan kwaleji a New Mexico, ya kai ƙarar NCAA kan wannan batu, kuma a Disambar 2024 alƙalin kotun tarayya ya ba shi damar ƙara kaka guda. Hukumar ta biyo baya da sassauci ga masu irin matsalarsa a kakar 2025-26. Sassaucin wucin gadi ba gyara ba ne.

Masu adawa na cewa idan aka daina ƙirga shekarun JUCO, filaye za su cika da 'yan shekara 24 da 25, su toshe wa masu fitowa daga sakandare hanya. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban ce a yafe duka biyun ba. A yafe shekarar farko, a ɗauke ta daidai da shekarar share fagen da masu kuɗi ke saya wa 'ya'yansu, da sharaɗin yaron ya kammala karatun kwalejin. Da kaka uku a gabansa, koci zai fi yarda ya ba shi gurbi, shi kuma ya sami isasshen lokacin gama digirinsa kafin tallafin karatu ya yanke.