Kafin waya akwai 'yan daudu

Wani rahoto ya ce wayar hannu da Facebook ne suka kawo mana maza masu ɗabi'ar mata, amma maganar ba ta cika ba. Tun zamanin kakanninmu akwai 'yan daudu a Kano da Katsina da Maraɗi, suna tuyar waina da kaza a bakin tasha, kowa na saye, har girkin biki ana kiransu. Wani ya yi sharhi a kan rahoton cewa duk a kore su. Malam, ka tuna Imam Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da taushin murya da tafiya, wanda ya ce babu zunubi a kansa, da mai ƙirƙira da gangan. Ni abin da ke ci min rai shi ne yaron da ake wa dariya a gida tun yana ɗan shekara 10 saboda muryarsa. Akwai irinsa a unguwarmu, yanzu ko zaure ba ya fitowa. Idan uwa da yayye sun toshe kunne, ina kuke so ya kai kukansa in ba wajen baƙin da ke saurarensa a waya da tsakar dare ba?