Giwar da ta cinye mini babur

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine Jincheng ɗina a zaure, na koma hawan Keke Napep. Ranar da aljihu ya yi sanyi kuma in taka sayyada har Wunti a nan cikin garin Bauchi, duk wanda ya tambaya in ce likita ne ya sa ni motsa jiki. Niyyata idan mai ya sauko in kai shi wurin bakanike a ɗan duba shi. Mai dai bai sauko ba, sai babur ɗin ne ya fara ramewa.

Madubai suka fara tafiya, sarƙa ta bi su. Wata asuba na fito masallaci na tarar babu salansa. Ranar da tanki ya ɓace kuwa na daɗe tsaye ina kallon babur ɗin, na san akwai abin da ya sauya amma na kasa cewa ga shi. Daga nan na sa wa 'yan jari bola ƙahon zuƙa. Duk wanda ya turo baro cikin layinmu sai na tare shi na zazzage buhunsa, har suka daina biyowa ta ƙofar gidana. Uwargida ita ma tana tata cigiyar, domin manyan tirenta biyu na ƙarfe, waɗanda ta zo da su tun kayan ɗaki, sun yi ƙafa. Ita maƙwabta ta zarga da aron biki babu mayarwa.

Akwai ɗan yayata da ke zaune a wurina, yana karatun zane da sassaƙa a wata babbar makaranta. Yaro mai ladabi, ba ya gaishe ka a tsaye. Shi ya fi kowa taya mu jaje. "Kawu, duniya ta lalace," in ji shi. Shi ya ba ni shawarar in sa wa zauren kwado, na ce ya yi tunani, na saya, na ba shi makulli ɗaya.

Da ya ce 'yan ajinsu za su baje ayyukansu a wani lambun shaƙatawa a cikin gari, ya roƙe ni in je, sai na sa babbar riga bayan la'asar na tafi. A raina na ce ai zumunta a ƙafa take, kuma shiga kyauta ce.

Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An jera kayan a kan ciyawa, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowanne da 'yar takarda a gabansa. Ga wata ƙatuwar ƙwarya ta siminti da ludayinta, ga dagin Arewa da aka lanƙwasa da rodi, ga doki na itace ya ɗaga ƙafa kamar ranar hawan salla. Wata ɗaliba ta nuna mini yadda ake yin na simintin: a fara ƙera ƙashin abin da rodi, a ɗaure da waya, a lulluɓe da raga, sannan a riƙa yaɓa siminti kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa don kada ya tsage. Na lura yawancinsu sun kauce wa siffar mutum. Nawa yaron ma uwarsa ta ja masa kunne tun ranar da ya samu gurbin karatun, ta ce ya sassaƙa duk abin da ya ga dama amma kada ta ji an ce ya yi gunki.

Malaminsu na tsaye yana yi wa jama'a bayani. Ya ce sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, domin mutanen Nok, a kudancin Kaduna ta yau, sun gasa kawunan yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. A 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan da aka tono a yankin Jama'a, bayan wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar dabbobi da shi. Irin waɗannan kaya na cikin abin da aka ajiye a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Na yi dariya sosai a kan mai gonar doyan nan. Har na ce wa na kusa da ni, wasu mutane ba su san darajar abin da ke hannunsu ba.

Sai aka ce mu ƙarasa wurin giwa.

Tana can ƙarshen fili, yara sun kewaye ta ana ta ɗaukar hoto. Tsayinta ya kai kafaɗata, duk jikinta tarkacen ƙarfe ne da aka haɗa da walda. Ɗan yayata na gefe yana washe baki, yana gaya wa mutane cewa ya yi ta ne don tunawa da giwayen Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956, wanda garkensa na cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Na ji kaina ya kumbura. Na ce wa wani dattijo, "Ɗana ne, a gidana yake."

Na matsa kusa in ƙare mata kallo. Haurenta sandunan birki ne, idanunta fitilun sigina. Hancin ya sauko ya lanƙwashe, baƙi wuluk, da wani ɗan faci na walda a tsakiya. Na tsaya a kan facin nan. Na san shi. Ni na biya kuɗinsa a bakin kasuwar Muda Lawal, har muka yi ciniki mai zafi da mai waldar. Na zagaya ta baya, wutsiya sarƙa ce. Na sunkuya na leƙa cikinta, sai ga jan tanki da lotsawar da ya samu ranar da akuya ta gitta mini a hanyar Yelwa, ga kuma rubutun da na manna da hannuna: Hassada ga mai rabo taki. Kunnuwa kuwa, faffaɗa guda biyu masu zanen fulawa, ko a mafarki na gan su na san tuwon da aka sha ɗorawa a kai.

Na dubi takardar da ke gabanta. An rubuta: "Giwar Yankari. Ƙarafan da aka tsinta."

Tsinta! A zaurena, bayan kwado!

Ban san lokacin da na tattare hannun riga na kama hancin giwa na fara girgizawa ba. Mai gadi ya taho da kulkinsa. "Baba, ba a taɓawa." Na ce salansata ce. Ya ce hancin giwa ne. Na ce shekara nawa ina zuba wa wannan hancin baƙin mai yana yi mini hayaƙi? Jama'a suka taru, wani yaro ya ɗaga waya yana ɗauka, wata mata ta ce a yi mini a hankali, wataƙila rana ce ta buge ni. Ɗan yayata ya durƙusa har ƙasa. "Kawu, ai na ga ba ka hawansa ne. Da ma ina so in gaya maka bayan an ba da maki."

Ina cikin tattaro kalmomin da zan yi wa uwarsa waya da su, sai ga wani mutum da farar shadda da tabarau ya tsaya yana shafa kunnen giwa, wato tiren matata. Shi mai gadi bai ce masa ba a taɓawa ba. Ya ce yana da otal, yana neman abin da zai kafa a bakin ƙofa, nawa za a sayar? Malamin ya faɗi kuɗin da zai sayi sabon babur dal a leda har a samu canji. Nan take na saki hancin, na sa gefen babbar riga na goge inda na taɓa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen nan na asali ne, ni na san tarihinsa. Ba ya tsatsa da wuri." Na ƙara da cewa akwai sauran ƙafafu biyu da inji a gida, idan yana son a yi mata ɗa. Ya karɓi lambar yaron ya ce zai kira.

Bai kira ba. Da aka tashi baje kolin masu lambu suka ce kowa ya kwashe kayansa, makaranta ta ce ba ta da wurin ajiye giwa. Ni na biya kuɗin akori-kura, na biya majiya ƙarfi huɗu da suka ɗora ta suka sauke. Da muka iso gida aka gwada ta gaba, aka gwada ta baya, ta ƙi shiga ƙofar zaure saboda kunnuwa. Na ce a cire su. Yaron ya ce malaminsu bai gama ba da maki ba. Uwargida ta fito ta ga tirenta, ta yi salati, ta koma ciki ta aiki yarinya ta je ta ba maƙwabta haƙuri, tuwon dare kuwa ranar a kwanon sha aka kawo mini.

Yanzu giwa na ƙofar gida. Masu Keke Napep sun daina tambayar sunan layinmu, da ka ce gidan mai giwa an gane. Limamin unguwa ya tsaya ya dube ta ranar Juma'a, ya dube ni, ya ce zai so mu zauna idan na samu lokaci. 'Yan jari bolan da na kora sun dawo, suna wucewa a hankali suna auna ta da ido, shi ya sa na mayar da tabarmata waje nake kwana kusa da ita. Jiya ɗaya daga cikinsu, wanda na taɓa zazzage wa buhu, ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya ce idan na shirya zai zo da sikeli, amma a kilo yake saye, kuma sai an cire nauyin walda.