Makaho ma yana son zuwa hutu, ku gyara shafukanku dan Allah

Wallahi abin nan ya ishe ni. Mutum da kuɗinsa a hannu, an ba shi hutu a wurin aiki, ya san inda yake son zuwa, amma yankan tikitin jirgi da kama ɗaki a otal ta intanet sun zame masa tashin hankali kawai dan ba ya gani. Ni makaho ne, kuma da waya da kwamfuta nake wuni, ina tura saƙo ina karanta labarai ina aikin ofis babu mai riƙe min hannu. To me ya sa da na shiga shafin masu sayar da tikiti sai komai ya tsaya cak?

Ga wanda bai sani ba, mu da kunne muke amfani da waya. Akwai manhaja mai karanta mana abin da ke kan allo, a iPhone VoiceOver ce tun 2009, a Android TalkBack, a kwamfuta kuma JAWS ko NVDA, ita NVDA ɗin ma wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka gina ta, an fara ta a 2006 kuma kyauta ce. Manhajar nan ba duba take yi ba, abin da mai shafi ya rubuta shi take faɗa. In ya dasa maɓalli bai ba shi suna ba, abin da zan ji kawai maɓalli, maɓalli, maɓalli, a jere, ban san wanne ne na ci gaba ba wanne ne na sokewa ba, kuma kuɗina ne a kan layi.

Kalandar zaɓen ranar tafiya ita ce ta fi ƙona min rai. Ka rubuta garin da za ka tashi lafiya, ka rubuta inda za ka sauka lafiya, sai ka zo kan rana, sai wani ɗan akwati ya buɗe wanda sai da linzamin kwamfuta ake taɓa shi, kibod ba ya shiga ciki ko kaɗan, ko kuma ya shiga ka ji ana karanto maka lambobi tsirara 14, 15, 16 babu wata babu sunan rana, ba ka sani ba ko Maris kake ko ka zarce Afrilu, ka danna gaba ya mayar da kai can saman shafi ka sake saukowa ta kan tallace-tallace da tambayar kukis (neman izinin adana bayananka) da duk wani tarkace daga farko. Kuma sun hana ka rubuta ranar da hannunka! Haba jama'a, fili ɗaya da zan buga rana da wata da shekara, shi ne ya gagare ku? Zaɓen kujera ma haka, zanen cikin jirgi ne kawai aka liƙa, wadda aka kama launi kaza wadda babu kowa launi kaza, ni kuma shiru nake ji.

Duk wannan fa agogo yana gudu. Sun ba ka 'yan mintuna ka gama ko su saki kujerar, ba sa ma sanar da manhajata cewa akwai agogon, sai na gama cike sunana da lambar fasfo harafi bayan harafi ina saurara ina gyarawa, na danna biya, a ce lokaci ya ƙare. Na koma, farashi ya hau. In kuma akwai kuskure a fom ɗin sai su zagaye wurin da jan layi su yi gum, wai in gane da kaina.

Sai gwajin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne ba na'ura ba, kafca, wai in zaɓi hotunan da ke da fitilar kan titi. Na sautin da suke cewa sun tanadar mana, in ma akwai shi, murya ce a cikin hayaniya da gangan aka dagula ta, ka kasa kunne har kanka ya yi ciwo. A binciken da ƙungiyar WebAIM, mai fafutukar sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, ke yi tsakanin masu amfani da manhajar karanta allo, kafca ce ke fitowa a sahun gaba na abin da ya fi damun mutane, kuma ita dai wannan ƙungiya da ta duba shafukan farko na gidajen yanar gizo miliyan ɗaya a 2024 ta samu kurakuran da ke tare mu a sama da kashi 95 cikin 100. Kenan ba ni kaɗai ba ne, kuma ba rashin iya waya ba ne.

Otal kuwa hoto ne zalla, hotuna rututu babu ko layi ɗaya na bayani, manhaja sai ta karanto min sunan fayil, wasu lambobi marasa kan gado. In ka latsa wurin da suka rubuta ɗakin masu buƙata ta musamman, maganar keken guragu ce kaɗai, faɗin ƙofa da banɗaki. Wannan hakkinsu ne kuma ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma ni tambayata daban ce. Lif ɗinku yana faɗin hawa na nawa aka iso? Lambar ɗaki ana iya shafa ta da hannu? Na'urar sanyaya ɗaki tana da maɓallan da ake ji, ko gilashi ne sumul? Mai karen jagora za ku karɓe shi? Babu amsa ko ɗaya.

Na taɓa kiran layin wani kamfani bayan shafinsu ya ƙi ni, na yi bayani tiryan-tiryan, matar ta ce in koma shafin ai ya fi sauƙi, da na sake maimaita mata cewa ba na gani sai ta ce, to babu wani mai ido a kusa da kai ne? Wannan tambayar tana min ciwo har cikin rai. Ma'anarta in ɗauki katin bankina da lambobin bayansa da fasfo ɗina da lambar sirrin da banki zai turo in miƙa wa wani, ya san inda za ni, da wa za ni, nawa na kashe, kuma in jira sai ranar da ya samu sarari. Wane baligi mai ido ne ake cewa ya yi haka kafin a sayar masa da tikiti? Ga shi sau da yawa rangwamen a intanet kaɗai yake, ta waya kuma a ƙara maka kuɗin hidima, wato mu da aka rufe wa ƙofa mu ne za mu biya fiye da kowa.

Kuma na san abin da ke ƙarƙashin duk wannan, dan an sha faɗa min a fuska, wai makaho me zai je gani? Zan je in ji ƙarar teku da ƙafata a cikin ruwa, in ji iskar wani gari da harshen mutanensa, in shafa ginin da ya shekara ɗaruruwa, in huta kamar yadda kowa ke hutawa. Ko ma ba dan komai ba, kuɗina ne kuma hutuna ne. An ƙiyasta makafi sun kai miliyan 43 a duniya a 2020, ban da masu raunin gani da suka ninka haka nesa ba kusa ba, duk ku ce ba kwastomomi ba ne?

Kada wani ya ce ba a san yadda ake yi ba. Ƙa'idojin WCAG na gina shafin da kowa zai iya amfani da shi suna nan tun 1999, an sabunta su a 2008 da 2018 da 2023, kyauta ake karanta su, kuma a ciki an yi maganar sunan maɓalli da kibod da ƙara wa mutum lokaci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan hakkin masu nakasa ta ambaci yawon buɗe ido ƙarara a sashe na 30. A Amurka tun 2013 ma'aikatar sufuri ta wajabta wa kamfanonin jirage gyara shafukansu, a Tarayyar Turai kuma dokar da ta shafi sayayya ta intanet da tikitin sufuri ta fara aiki a Yunin 2025. Har lamba ta musamman kamfanonin jirage suke da ita, BLND, da ake sa wa a tikitin fasinja makaho dan a tanadi mai raka shi a filin jirgi, amma wurin da zan nemi a sa min ita a shafin ya ɓuya a bayan wani maɓallin da ba shi da suna.

Wasu kuma sai su sayo wani ɗan tambari su manna a gefen shafi wai ya gyara komai da kansa, alhali sau da yawa rikita manhajata yake ƙara yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku ɗauki makafi aiki ku biya su su gwada shafin tun daga neman jirgi har zuwa fitowar rasit, mai gina shafin ma ya kashe allo ya ajiye linzami ya gwada yankar tikiti ɗaya da kibod da kunnensa. Kafin ku gama gyaran kuma ku sa layin waya da mutum zai ɗauka, ya sayar min a farashin da ke intanet ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma ku hana ma'aikatanku tambayata ko akwai mai ido a kusa da ni.